Na bi Kogin Ganga da kwalabe da kular ƙanƙara

A watan Maris na 2022 malamin da ke duba aikina a Roorkee, wani gari a arewacin Indiya, ya dawo mini da shafi goma sha ɗaya da na rubuta a kan gurɓacewar Kogin Ganga, wanda taswira ke kira Ganges. Ya ce duk abin da ke ciki daga rahoton wasu na kwaso, kuma gaskiya ya faɗa. Ya umarce ni in je in ɗebo ruwan da hannuna a Haridwar da Kanpur da Varanasi, sau ɗaya kafin damina, sau ɗaya bayanta, in gwada, sannan in dawo mu yi magana. Ni ma'aikacin ruwa ne daga Kano, ƙaro karatu ya kawo ni Indiya, kuma na zo da zaton da yawancinmu ke da shi, cewa ibadar mutane ce ke ɓata kogin: wanka, furanni, tokar gawa. Hotunan da muke gani a intanet ke nan. Har na rubuta haka ƙarara a shafi na biyu.

Shiri ya ci mini kwana tara. Farko sai da na karɓi takarda mai hatimi daga sashenmu, mai bayyana ko ni wane ne da abin da zan yi, domin baƙon da aka gani tsugune kusa da madatsar ruwa yana ɗiga sinadari a kwalba ba zai rasa mai tambayarsa ba. Malam ya buga waya ga abokan aikinsa a Kanpur da Varanasi su ba ni aron benci a ɗakunan gwajinsu, saboda ruwan da za a ƙirga ƙwayoyin cuta a cikinsa ba ya jure doguwar tafiya. Ana so ya isa ɗakin gwaji cikin awa shida, yana kan ƙanƙara. Kwalaben kansu iri uku ne. Akwai na gilashi masu cin mililita 300 da murfin gilashi, na auna iskar oksijin da ke narke a ruwa. Akwai waɗanda aka turara a tukunyar kashe ƙwayoyin cuta, ba a buɗe su sai a cikin kogi. Sai na roba da aka jiƙa a ruwan asid, na neman ƙarafa irin su kuromiyom. Aka haɗa ni da wani ɗalibi ɗan tsaunukan Uttarakhand, Bahinde mai riƙo da addininsa, mu yi tafiyar tare. Bhai yake ce mini, wato ɗan'uwa, ni ma haka nake ce masa.

Kafin mu tashi, malam ya ce mu fara zuwa bakin kanal ɗin da ya ratsa garin Roorkee mu tsaya mu kalle shi. Kullum ina tsallaka gadarsa in zan je kasuwa, ban taɓa ɗaukarsa a matsayin Ganga ba, ashe shi ne. Bayan yunwar 1837 zuwa 1838 da ta kashe mutane kimanin dubu 800 a yankin Agra, wani jami'in Birtaniya mai suna Proby Cautley ya jagoranci haƙa wannan kanal daga Haridwar. An fara a 1842, aka buɗe shi a 1854. Makarantar da nake karatu a cikinta ma saboda shi aka kafa ta a 1847, don a samu injiniyoyin da za su yi aikin. A gefen gari akwai inda aka ɗora kanal ɗin a kan gadar tubali ya bi ta saman Kogin Solani, ruwa a sama ruwa a ƙasa. Yau yana shayar da gonaki kusan murabba'in kilomita 9,000 na rake da alkama da shinkafa. Wanda ya taso kusa da Kadawa ya san abin da kanal ke yi wa ƙasa, ya kuma san cewa ruwan da ya shiga gona daga wani wuri aka rage shi.

Mun isa Haridwar a makon farko na Afrilu, tafiyar kilomita talatin. Azumi ya kama, abokina shi ma yana cikin kwana tara na ibadarsu ta Navratri da suke ƙaurace wa hatsi, don haka mu biyu muka yi tafiyar ciki ba nauyi. A nan kogin ke sauka daga tsaunukan Himalaya ya shiga sarari. Can sama, daga dusar ƙanƙarar Gangotri yake fitowa da sunan Bhagirathi, sai ya haɗu da Alaknanda a Devprayag, daga nan ne ake kiransa Ganga, ya yi tafiyar kilomita kusan 2,525 kafin ya faɗa teku ta Bengal.

Wuri mafi daraja a garin shi ne matakalar Har ki Pauri. Tun a mota abokina ya gaya mini cewa akwai tsohuwar ƙa'idar gari da ta keɓe wurin ga mabiya addinin Hindu, don haka shi zai sauka ya ɗebo, ni in jira a wata matakala ta ƙasa kaɗan. Ban ji komai a raina ba. Kowane addini yana da haraminsa. Daga nesa na hango shi ya cire takalmi, ya sunkuya ya taɓa ruwan, ya yayyafa a kansa, ya haɗa tafukansa yana motsa baki, sannan ya fito da kwalba. Da ya dawo na tambaye shi me ya ce, ya ce izini ya nema wurin Ganga Maiya, Uwa Ganga, domin zai ɗebi jikinta ya zuba mata sinadari.

A nan ya ba ni labarin yadda suka yi imani ta sauko. Wani sarki Sagara yana da 'ya'ya dubu sittin da suka fusata wani mai zuhudu, Kapila, ya ƙone su ƙurmus, rayukansu suka rasa mafita. Jikansu na nesa, Bhagiratha, ya yi shekaru yana ibada har aka yarda kogin sama ya sauko ya wanke tokarsu. Da yake ƙarfinta zai iya farfasa ƙasa, sai Shiva, ɗaya daga cikin manyan abubuwan bautarsu, ya tare ta da gashin kansa ya riƙa sakinta kaɗan-kaɗan. Saboda haka ne har yau ake kawo tokar mamaci a zuba a cikinta, ake ɗiga ruwanta a bakin mai gargara, ake ajiye shi a tulun tagulla a ɗaki shekara da shekaru. Ni Musulmi ne, ban yi imani da wannan ba, shi ma ya sani. Amma yadda ya riƙe jarkar da ya cika wa kakarsa, bai yarda ta taɓa ƙasa kusa da takalma ba, ya tuna mini da yadda alhazanmu ke rungume jarkar Zamzam a filin jirgi.

Gwajin farko a bakin ruwa ake yinsa, ba ya jira. Na shiga har gwiwa, sanyin ruwan ya ratsa ni har ƙashi duk da zafin Afrilu. Na fuskanci inda ruwa ke tahowa, na nutsa kwalbar kamu ɗaya da rabi ƙarƙashin ruwa, na bari ta cika a hankali, na rufe ta a ciki don kada kumfa ko ɗaya ya shiga. Kumfa guda ya isa ya ɓata lissafi. Na zauna a matakala na ɗiga sinadarin manganis, na bi shi da na aidin, na rufe na jujjuya. Nan take wani gari-gari ya taso a cikin kwalbar kamar an dama kunu. Idan ruwa ba shi da iska, fari yake fitowa. Idan yana da ita, sai ya yi ruwan ƙasa, gwargwadon yawanta gwargwadon duhunsa. Na Haridwar ya yi jawur kamar shayin da ya daɗe a wuta. Wata tsohuwa da ta fito daga wanka, zaninta na ɗiga, ta tsaya a kaina ta ce, "Beta, me ka sa mata ta canza launi?" Abokina ya ce, "Mataji, numfashinta muke aunawa." Ta tambaya ko lafiya ƙalau take. Muka ce a nan dai lafiya lau. Ta dafa kaina ta wuce.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a Haridwar sai da muka hau madatsar Bhimgoda na gan shi. Ruwan da ke gudu a gaban Har ki Pauri, wanda dubban mutane ke nitso a cikinsa suna riƙe da sarƙoƙin ƙarfe kada ya ja su, hanyar da aka karkatar ce, ita ce bakin kanal ɗin da ke bi ta Roorkee. Asalin gadon kogin yana can gefen gabas, kuma a wannan lokaci na shekara abin da na gani a cikinsa 'yan zare-zaren ruwa ne tsakanin fararen duwatsu. Rigimar nan tsohuwa ce. Tun zamanin Cautley limaman Hindu suka ƙi yarda a ɗaure uwarsu, sai da aka bar giɓi a jikin madatsar. A 1916 kuma wani jagoran Hindu, Madan Mohan Malaviya, da wasu sarakuna suka sa gwamnatin mulkin mallaka ta sa hannu a yarjejeniyar cewa ba za a taɓa yanke gudun ruwan gaba ɗaya ba. Suna da kalmomi biyu da za ka ji a bakin kowa, aviral da nirmal, wato mai gudu ba yankewa da kuma mai tsabta. Na ɗauka kirari ne kawai, sai da na isa Kanpur na gane cewa ta biyun ba ta samuwa sai da ta farkon.

Da magariba muka tsaya daga gada muka kalli aarti, ibadar fitilu. Ƙararrawa na kaɗawa, limamai na juya manyan fitilu masu harsunan wuta, mutane na sakin ƙananan kwanonin ganye da fure da lagwani a kan ruwa. Na sha ruwa da dabino a tsaye a wurin, muka kama hanya don ƙanƙararmu ta fara narkewa.

A ɗakin gwaji aikin haƙuri ne. Kwalbar oksijin sai an zuba mata asid, a ɗiga sitaci ta koma shuɗiya, sannan a riƙa ɗiga wani sinadarin ɗigo-ɗigo har launin ya ɓace, a karanta. Wata kwalbar kuma a sa ta a akwatin ɗumi mai duhu kwana uku a ma'aunin zafi 27, a sake aunawa. Bambancin da ke tsakani shi ne iskar da ƙwayoyin halitta suka cinye wajen narkar da ƙazantar da ke cikin ruwan, shi ake kira BOD. Ƙa'idar Indiya ta ruwan wanka ta ce oksijin kada ta gaza miligiram 5 a lita, BOD kada ya wuce 3, ƙwayoyin cutar da ke fitowa daga bahaya kuma an fi so kada su wuce 500 a mililita 100, iyakar da za a lamunta 2,500. Na ƙarshen nan da bututu goma sha biyar ake neman su, layi uku, kowanne da ɗan ƙaramin bututu a kife a cikinsa. In ƙwayoyin na nan, kashegari za ka tarar ruwan ya yi duhu-duhu, iska ta taru a ɗan bututun. Ruwan Haridwar, inda na ga cinkoson masu wanka da furanni fiye da ko'ina, ya haye ƙa'idar oksijin da ta BOD ba wahala. Ƙwayoyin bahaya akwai su, ba ruwan da za a sha haka nan ba ne, amma bai kai kusa da abin da na yi tsammani ba.

Abokina bai yi mamaki ba. Ya ce ruwan Ganga ba ya ruɓa, ko Sarki Akbar na daular Mughal, Musulmi, shi ake kai masa ya sha a gida da tafiya. Wannan gaskiya ne a tarihi. Haka nan a 1896 wani masanin ƙwayoyin cuta, Ernest Hankin, ya rubuta cewa ruwan Ganga da na Yamuna na kashe ƙwayar kwalara, daga baya wasu suka danganta hakan da wasu ƙananan halittu masu cin ƙwayoyin cuta. Na ce masa ko da hakan ne, jaki mai ƙarfi ma akwai kayan da zai durƙusar da shi.

Kanpur muka tarar da wannan kaya. Afrilun 2022 zafi ya yi tsanani a arewacin Indiya, ma'auni ya haura 40 kusan kullum, ga azumi a baki. Kafin ruwan ya iso nan an sake tatsarsa a Bijnor, an sake a Narora, inda wani babban kanal ɗin ya tashi tun 1878. A saman garin kuma akwai wata madatsar da ake tara ruwan shan mutanen Kanpur. Daga ƙasanta sai da muka yi tafiya mai nisa a kan rairayi, muna ratsa gonakin kankana da kokwamba da aka shuka a tsakiyar gadon kogi, kafin mu kai ga ruwa. Kogin da ake ba da labarinsa a duniya ya koma kamar Kogin Hadeja a ƙarshen rani.

An nuna mana bakin kwatar Sisamau, wadda ta haura shekara ɗari tana zuba kimanin lita miliyan 140 na ruwan ƙazantar gari a kullum, har sai ƙarshen 2018 da aka tare ta aka juya ta zuwa matatun tsabtace ruwa. Wannan aiki ne na gaske, na gani da idona, kuma yana cikin shirin Namami Gange da gwamnati ta ƙaddamar a 2014 ta ware masa rupi biliyan 200. Kafin shi akwai shirin da Firayim Minista Rajiv Gandhi ya buɗe a 1986, wanda ya gina matatu amma garuruwa suka fi su saurin girma. Sai dai ƙananan kwatoci ba su ƙare ba. Daga nan muka gangara Jajmau, unguwar majema, inda masana'antun jima ɗaruruwa suke, akasarinsu na Musulmi. Warin ya tarye ni tun daga nesa, kuma na san shi, shi ne warin Challawa da Sharaɗa. Ga fatu shuɗaye-shuɗaye an shanya, alamar an jeme su da kuromiyom. A wani masallacin unguwar na sha ruwa ranar, wani dattijo majemi ya zauna kusa da ni yana ba ni labarin yadda ake rufe musu aiki makonni duk lokacin da za a yi babban taron wankan ibada a Prayagraj, garin da ke ƙasa da su a bakin kogin, don ruwa ya isa can da haske. Ya ce, "Bhai sahab, mu ma daga kogin nan muke sha, yaranmu ma a bakinsa suke wasa." Ba ya musun cewa jima na ɓata ruwa. Abin da ke ci masa rai shi ne a ɗora musu laifin gari guda.

Ɗibar farko ta Kanpur ta lalace. Mun makale a cunkoso fiye da awa biyu, kafin mu isa ɗakin gwaji ƙanƙara ta zama ruwan ɗumi, kwalaben ƙwayoyin cuta suka tashi daga aiki. Kashegari bayan sahur muka fita da ƙanƙara ninki biyu, muka naɗe kular da buhun algarara jiƙaƙƙe, muka ɗebo kafin rana ta ɗaga. A ƙasa da Jajmau, kusa da inda wata kwata ke shiga, gari-garin kwalbar oksijin ya fito fari-fari kamar tsinkakken koko. Samfurin da na ɗebo daga bakin kwatar kanta, da na ɗiga masa sinadarin neman kuromiyom, ya ɗauki launin shunayya a hankali. Bututu goma sha biyar ɗin kuwa duk sun kumbura da iska, sai da na sake surka ruwan na maimaita kafin in samu abin karantawa. A duk tsawon wurin ban ga mai ibada ko ɗaya ba. Ruwa ba ya tsami banza, kuma abin da ya tsamar da wannan masai ne da masana'anta, a kogin da aka riga aka kwashe masa ruwan da zai surka su.

Varanasi kuwa daga kwale-kwale ake aikinta. Garin na jere a gaɓar yamma, matakala sama da tamanin, ɗaya gaɓar kuma rairayi ne fetal. A nan kogin ke lanƙwasa ya fuskanci arewa, kamar zai koma inda ya fito, kuma wannan ma yana cikin abin da ya ƙara wa wurin daraja a wurinsu. Sun yi imani cewa wanda ya mutu a Kashi, tsohon sunan garin, ya huta da sake dawowa duniya. Mun yi ciniki da wani matuƙi tun dare, ya ɗauke mu da asuba. Da muka zo daidai Manikarnika, inda wutar ƙona gawa ba ta mutuwa dare da rana, ya ce in mayar da wayata aljihu, ba a ɗaukar hoto. Ga itace an jibge kamar gini, ga makara ta gora an sauko da ita ana cewa "Ram naam satya hai", aka tsoma gawar a ruwa kafin a ɗora ta. Hannuna na rawa na cika kwalbar, don raina bai saba da ganin haka ba. Amma na lura da fuskokin masu rakiyar, irin fuskokin da nake gani a maƙabartarmu ne.

Daga nan matuƙin ya tuƙa mu sama zuwa kudancin gari, inda rafin Assi ke shigowa. Sunansa rafi, amma ya daɗe da zama lambatu. An tare wani kaso ana turawa matata, sai dai ranar da muka je akwai ragowa baƙa tana malala, ana ganin iyakarta da ruwan kogi kamar an ja layi. Ƙasa da nan kaɗan, a Bhadaini, ga manyan hasumiyoyin famfo da ke zuƙo ruwan da ake tacewa a raba wa gari. Na daɗe ina kallon tazarar da ke tsakanin wuraren biyu. Duk ma'aikacin ruwa ya san abin da wannan ke nufi ga alif da kulorin da za a kashe, da kuma ranar da aka yi sakaci.

A tsakiyar kogi matuƙin ya kamfaci ruwa da tafinsa ya kurɓa sau uku. Na kasa yin shiru, na ce, "Bhaiya, ba ka ga abin da ke shiga ba?" Ya ce ya gani, kullum yana gani, kuma yana jin zafinsa. Abokina ya fassara mini sauran: gandagi, wato ƙazanta, mutane ne ke zuba ta, kuma laifi ne babba, amma Ganga pavitra ce, mai tsarki, ƙazanta ba ta taɓa tsarkinta. Ya ce uwa in jaririnta ya ɓata mata zani, zanin ne ya ɓaci, ita tana nan uwa. Sai na tuna karatun zaure, inda aka koya mana cewa tsarki daban tsabta daban, ana duba launin ruwa da ɗanɗanonsa da ƙanshinsa kafin a ce ya halatta a yi alwala da shi, kuma ruwan da ya halatta ga alwala ba lalle ne likita ya yarda a sha shi ba. Hukuncinmu da nasu ba ɗaya ba ne, domin a wurinmu najasa in ta canza ruwa ta fitar da shi daga tsarki, a wurinsu kuwa babu abin da ke fitar da Ganga. Amma na fahimci cewa kwalabena abu ɗaya kawai suke aunawa cikin biyun da mutumin nan ke magana a kai.

Wannan fahimta tana da haɗarinta, kuma ban ɓoye wa abokina ba: wanda ya yarda cewa kogi ba ya ƙazantuwa yana iya yin sake da kwatar da ke ƙofar gidansa. Abokin nawa ne ya nuna mini matakalar Tulsi, ya ba ni labarin Veer Bhadra Mishra, babban limamin wurin bautar Sankat Mochan kuma farfesan injiniyan ruwa a jami'ar Banaras da ke garin. Kullum da asuba yana wanka a kogin, kuma shi ne ya kafa gidauniya a 1982 da ɗakin gwaji a bakin ruwa yana fitar da alƙaluman ƙwayoyin bahaya yana matsa wa hukuma lamba, har ya rasu a 2013. Akwai kuma G. D. Agrawal, tsohon farfesan injiniyan muhalli a Kanpur da ya koma mai zuhudu, ya yi yajin cin abinci kwana 111 yana neman a bar kogin ya gudu, ya mutu a Oktoban 2018. Waɗanda suka fi kowa tsayawa wa kogin nan daga cikin masu bauta masa suka fito. Sakamakon Varanasi ma ya bi sahun na Kanpur: kwalbar da na ɗebo kusa da bakin Assi ta fi ta gaban Manikarnika ƙwayoyin bahaya nesa ba kusa ba.

A watan Yuli, muna jiran damina ta wuce, hanyar Roorkee ta cika da 'yan Kanwar, bayan shekara biyu da annobar korona ta hana tafiyar. Matasa ne sanye da tufafi ruwan goro, kowa da sanda a kafaɗa da tulu biyu a rataye, kamar 'yan garuwan da, sun ɗebo ruwa a Haridwar suna tafiya a ƙasa ɗaruruwan kilomita don su zuba a wuraren bautar Shiva na garuruwansu, suna ta "Bol Bam". Ba sa ajiye kayan a ƙasa, sai a kan wasu katakai da aka kakkafa a gefen hanya. Wanda ba zai iya tafiyar ba kuma, tun 2016 yana iya sayen kwalbar ruwan Ganga a gidan waya. Suna tafe a gefen kanal ɗin da ke ɗauke da ruwa iri ɗaya zuwa Muradnagar, inda ake tura shi matatun Sonia Vihar da Bhagirathi ya fito a famfunan gabashin Delhi a wanke kwanuka.

Zagaye na biyu a Oktoba ya zo da sauƙi, hannu ya riga ya saba, kuma ruwan damina ya cika kogin ya surka komai, alƙaluman Kanpur suka sauko ƙwarai ba tare da an rufe kwata ko ɗaya ba. A Haridwar kuma muka tarar an rufe kanal, kamar yadda ake yi kowace shekara daga bikin Dussehra zuwa dab da Diwali don a kwashe yashi a yi gyara. Gaban matakalun ya koma taɓo da duwatsu, an bar ɗan ruwa kaɗan saboda masu ibada, yara na tona laka da ƙusa suna tsintar kwabban da aka jefa shekara guda. Asalin gadon kogin kuwa, can gabas, yana ambaliya da ruwansa duka. A can muka ɗebo.

Na sake rubuta shafi na biyu gaba ɗaya, na sa kwatoci a gaba, madatsun ruwa a bayansu, masana'antu na uku, ibada kuma na ba ta sakin layi ɗaya gwargwadon abin da kwalabe suka nuna. Malam ya karanta ya sa hannu, ya ce in share benci in mayar da kaya.

Ina cikin wanke kwalabe na ɗauki ragowar samfuran da ba a sa musu sinadari ba zan juye a kwamin wanke hannu, abokina ya riƙe mini hannu. Ya kawo bokiti mai tsabta ya tattara su duka, na Haridwar da na Jajmau da na bakin Assi, bai ware ko ɗaya ba. An riga an sake buɗe kanal a makon, ruwa na gudu cike da bakinsa. Muka ɗauki bokitin tare, shi da hannu ɗaya ni da ɗaya, muka gangara matakalar da ke ƙarƙashin gada. Ya cire takalmi ya shiga ya tuttular a hankali, ya ɗauraye bokitin sau uku, ni kuma na matsa sama kaɗan na yi alwalar la'asar.